Motar da Ummaru Ya Ajiye a Duron Wake

A Dutsin-Ma, in ka tambayi Ummaru ɗan hatsi za a nuna maka mutum huɗu ko biyar, ka zaɓa. In kuwa ka ce Ummaru Sai-damina, ko ɗan acaɓan da ya shigo garin jiya zai sauke ka a ƙofar sitonsa, can bayan layin 'yan wake. Ba ranar suna aka raɗa masa wannan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka taya wakensa da kaka, ya ce sai damina. Abokai su ce ya kamata ya sake wannan tsohuwar hular, ya ce sai damina. Matarsa Rekiya ta taɓa nuna masa inda rufin ɗakinta ke yoyo, ana tsakiyar ruwan Agusta, ya ɗaga kai ya duba da kyau, ya ce a bari sai damina. Ta tara roba a wurin, ta koma kan keken ɗinkinta.

Gado ne, ba shi ya fara ba. A Wurma aka haife shi, gidan Alhaji Ɗanmusa, mutumin da ya yi suna wajen sayen hatsi da kaka, lokacin da manomi ke neman kai da shi, ya rufe, ya jira har rumbunan mutane su yi ƙasa, ruwa ya sauka, sannan ya buɗe. Ummaru ya tashi ya ga ana haka, ya ga kuma ana samu. Sai ya ɗauka duk abin da Allah ya halitta haka yake: ka saya da araha, ka rufe da kyau, ka yi haƙuri, zai zo ya same ka da riba. A harkar wake dai bai taɓa kuskure ba, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Matsalar ita ce ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa akwai abubuwa a duniya da ba wake ba.

Abu ɗaya Ummaru ya taɓa so wanda ba na sayarwa ba, shi ne tuƙin babbar mota. Tun yana ƙarami, in manyan motoci suka nufo Wurma ɗaukar kaya, yakan gane kowacce da kukan injinta tun kafin ta ɓullo. Yayansa Misbahu ya riga shi shiga. Ya fara da karen mota, ya zama direba, sannan wata ranar Talata aka kawo gawarsa daga wata kwana da ke gaba da Kurfi. Bayan sadakar uku mahaifiyarsu, Inna Kande, ta kira Ummaru ɗaki, ta riƙe hannayensa biyu, ta sa ya rantse ba zai taɓa tuƙa mota ba. Yana da shekara sha bakwai, ya rantse yana kuka. Inna Kande ta fi shekara ashirin a ƙasa yanzu, amma rantsuwar tana nan daram, domin Ummaru ya iya ajiya. Ko babur bai koya ba.

Abin da ya rage masa shi ne lodi. Ranar kasuwa in mota ta tsaya a bakin sitonsa, shi ne zai tsaya kan 'yan dako har a jera buhu na ƙarshe, shi zai ja igiyar tamfol ya ji ta ɗauru, ya zagaya ya daddaki tayoyi da ƙafa kamar wani ya sa shi. In direba ya hau ya tayar, Ummaru zai buga jikin motar sau biyu da tafin hannu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Daga nan ba ya motsi sai kukan injin ya ɓace can wajen hanyar Kankiya. Direbobi sun ɗauka tsabar son kayansa ne ke tsayar da shi. Rekiya ce kaɗai ta san ba buhunan yake rakawa ba.

Shekara biyar da suka wuce, wayarsa ta daina jin magana, ya kai ta shagon Zaharaddin, mai gyaran waya da kwamfuta a kusa da ƙofar jami'a. Yana shiga ya tarar da wani ɗalibi zaune gaban allo, riƙe da sitiyarin roba, ƙafafunsa a kan totur da birki da aka ajiye a ƙasa. A allon kuwa ga cikin kan babbar mota, ga madubi hagu da dama, ga titi shimfiɗe, ana yayyafi, abin share gilashi na kai da kawowa. Ɗalibin ya sa giya, injin ya yi irin nishin nan da Ummaru ya sani tun yana ɗan shekara bakwai. Ummaru ya manta da wayar da ta kawo shi. Ya ji hannayensa na ƙaiƙayi, sai ya tura su aljihu ya danne, don bai san ko wannan ma ta shiga cikin rantsuwar ba.

Daga shagon bai zame ko'ina ba sai gidan limamin unguwarsu. Liman ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaye shi ko motar tana da taya, ko tana fita daga ɗaki, ko kuma an taɓa jin ta kashe wani. Duka Ummaru ya ce a'a. Liman ya danne dariyarsa ya ce to ba irin wannan marigayiya take nufi ba, ya je ya tuƙa abinsa. Ummaru ya koma shagon har yana haɗawa da gudu, dattijo da furfura, amma ɗalibin ya riga ya kwashe kayansa ya tafi.

Zaharaddin mutum ne mai gaskiya a sana'arsa, irin waɗanda ba sa yin kuɗi. Ya ce wa Ummaru abin ba wuya. Akwai kwamfutocin ofis na gwanjo da ake kawowa daga Kano, masu ƙwari. A ɗauki ɗaya, a ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, a cire tsohon faifan ajiyarta a sa mai sauri, sannan a soka mata ɗan ƙaramin katin hoto wanda ba ya shan wuta da yawa, tunda da sola za a riƙa kunna ta. Wasan mota ba ya buƙatar fiye da haka, kuma Rekiya ma za ta iya duba sababbin ɗinkuna a ciki. Kafin Juma'a mai zuwa, in ji shi, Ummaru zai zauna a ɗakinsa yana tuƙi.

Duk wani mai hankali da nan zancen ya ƙare. Amma kalma biyu suka tsaya wa Ummaru a wuya, wato ƙarami da kuma Juma'a. Mutumin da ya jira shekara talatin ba zai ƙare da ƙaramin kati ba. Kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sayen abu a ranar da mai shi ya ga dama ba. Ya gyara zama a kan benci, ya dubi Zaharaddin irin kallon da yake yi wa manomin da ya kawo wake da tsakuwa.

"Zaharaddini, yaushe ne kakar kayan nan?"

"Kaka kuma, Baba?"

"Kowane kaya na da kaka. Yaushe masu shi ke neman kai da shi?"

Zaharaddin ya ɗauka raha ce, ya yi dariya ya faɗi gaskiya. Ya ce in 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawa suna shirin komawa garuruwansu, sukan zubar da komai da araha, daga katifa har kwamfuta, wasu ma sukan farke ta su sayar gunduwa-gunduwa. In kuma sababbin ɗalibai suka shigo da kuɗin iyayensu, sai kaya su yi wuta. Fuskar Ummaru ta washe. Ga kaka, ga damina, ashe duniyar duk ɗaya ce. Da Zaharaddin ya san abin da bakinsa zai jawo, da ya ce bai sani ba.

A kakar farko Ummaru ya sayi sitiyari da totur da birki. Wannan kam bai kai shi sito ba, a ɗakinsa ya ɗora shi bisa kabad, ya rufe da tsohon zanen Rekiya. Sau da yawa takan shigo da hantsi ta same shi ya sauko da shi, ya ɗora a cinya yana jujjuyawa, yana ganinta sai ya ce ƙura yake gogewa. A kaka ta biyu ya sayi bod, babban faifan da sauran kayan ke hawa kansa, da akwatin wuta, da wani ƙaton katin hoto mai fanka uku wanda ya zaɓa bayan ya auna shi a tafin hannu ya ji nauyinsa. Saura ƙiris a haɗa mota.

Sai canjin dala ya tashi. Sababbin ɗalibai suka shigo, wani ɗan mai hali ya bi Ummaru har sito ya taya katin ninki biyu na yadda aka saye shi. Rekiya ta ce daga baya ta ga mijinta ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai, zuciyarsa na son mota, jininsa na son riba. Jinin ya ci. Ya sayar, ya ce ai kaka na tafe, zai sami wanda ya fi shi.

Babu abin da ya fi lalata mai taurin kai irin a ce sau ɗaya ya yi daidai. Zaharaddin ya yi ta gaya masa cewa kayan nan ba sa ƙara daraja, tsufa suke, kuɗin ƙasar ne ke zubewa, kuma kowace shekara sabon samfuri na fitowa ya bar na baya a baya. Ummaru ya ce shi dai abin da ya gani a hannunsa ya sani. Sau uku yana sayen katin hoto da kaka yana sayarwa da damina. A majalisar 'yan hatsi ya zama malamin kwamfuta, yana yi wa mutanen da ba su taɓa kunna ta ba bayanin ram da fanka, alhali shi ma bai taɓa kunna ta ba. Ko da yaushe dai motar na jiran abu ɗaya. Shekarar da kati ya zauna, sai aka tarar ram ɗin da ya tsinta da araha wurin wata ɗaliba ba irin wanda bod ɗinsa ke ci ba ne, bakinsu ma bai zo ɗaya ba. Zaharaddin ya ce yana da wanda ya dace a cikin durowa, a sa yau a gama. Ba sai an faɗi amsar da ya samu ba.

A shekara ta uku ɓera ya shiga kwalin da kayan suke, a kan kanta a cikin sito, ya ci wayar akwatin wuta. Da Ummaru ya ɗaga bod ɗin kuma, kyankyasai suka watse daga ƙarƙashinsa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don a sitonsa ko ƙwaro ɗaya ba ya kwana, abin kunya ne a ce kayan da ya fi so su ne ƙwari ke yawo a kai. Bai tambayi kowa ba, don a fannin ajiya wa zai tambaya? Ya samo duron ƙarfe mai murfi, irin wanda yake ajiye waken iri a ciki. Ya zuba wake rabi, ya naɗe kowane kaya a jarida ya jera a kai, ya ƙulle ƙwayar maganin ƙwarin nan da 'yan hatsi ke kira bom a tsumma, ya jefa ciki, ya rufe ya ɗaure bakin da roba yadda ko iska ba za ta fita ba. Kowane buhun wake ƙwaya biyu ake sa masa. Motarsa ya sa mata huɗu, kuma duk bayan wata uku yana sabuntawa, rani da damina. Duk abin da ya ƙara saya daga baya, can yake shiga.

A cikin shekarun nan ne kuma idonsa ya fara yin hazo. Da farko lambar mota ce ba ya iya karantawa sai ya matso. Daga baya ya koma gane waken da ƙwaro ya huda da yatsa, yana cewa ai dama ɗan hatsin gaske da hannu yake gani. Rekiya ta matsa masa har ya je asibitin ido a Katsina, likita ya duba ya ce yanar ido ce, aikin ba shi da wuya, amma kada ya bari ta yi kauri. Ummaru ya dawo ya ce yanzu lokacin sayen kaya ne, ba zai kwanta da bandeji a fuska manoma na shigowa da wake ba. Da kaka ta wuce ya ce zafi ya yi yawa, ciwo ba ya warkewa da zafi. Rekiya ta yi magana har ta gaji. Ita mace ce da ba ta iya dogon faɗa ba, in ranta ya ɓaci keken ɗinki ne ke ji a jikinsa, shekara ashirin da biyar ƙafarta na kan wannan feda.

Abin da ya karya Ummaru ba faɗa ba ne. Wata ranar kasuwa Kamilu, direban da ya fi shekara ashirin yana ɗaukar masa kaya, kuma sa'ansa ne, ya zo sito a ƙasa, ba mota. Ya ce sallama ya zo yi, ya ajiye tuƙi, gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, zai koma Dabawa ya riƙa kiwon tumaki. Suka zauna a kan buhu suka ɗan taɓa hira. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Ummaru ya ce sun tsufa, su gode wa Allah, shi dai ya tuƙa har ya ƙoshi. Ummaru ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. Sa'ansa ya fara, ya yi, ya gama, shi ko tayarwa bai yi ba. A karo na farko a rayuwarsa tsoro ya kama shi cewa akwai daminar da za ta zo ba ta same shi ba.

Washegari da safe ya kwance bakin duron, ya bar shi ya sha iska kamar yadda ake yi, ya kwaso ƙunshin jaridun ya zuba a buhu, ya tare kurkura ta kai shi shagon Zaharaddin. A lokacin komai ya cika: bod, ram ɗin da ya dace, faifai, akwatin wuta, da katin hoto na huɗu, mai fanka uku shi ma. Ya jera su a kan tebur yana murmushi, ya ce a haɗa yau, ba sai damina ba. Zaharaddin har ya tashi tsaye don murna.

Ya warware jarida ta farko, wani wari mai kama da na tafarnuwa ya bugi hancinsa. Ya ɗaga ram ɗin ya kai shi bakin ƙofa wajen haske. Haƙoran nan nasa da ya kamata su yi ruwan zinari sun yi baƙi ƙirin. Ya warware bod, duk inda jan ƙarfe yake ya yi kore-kore da baƙi, wasu siraran layukan sun cinye sun rabu. Katin hoton mai fanka uku ya fi kowa shan wahala. Zaharaddin ya ajiye shi a hankali, ya zauna.

"Baba, ina ka aje kayan nan?"

"Inda nike aje abin da nike so. Cikin duron iri."

"Da bom?"

"Huɗu-huɗu. Duba da kyau, ko ƙwaro guda ka gani?"

Zaharaddin ya ce bai ga ƙwaro ba. Sannan ya yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa, yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Iskar da ƙwayar nan ke fitarwa, wadda ke kashe ƙwari, tana cin jan ƙarfe, musamman in ta haɗu da laimar damina, kuma duk jijiyoyin kwamfuta jan ƙarfe ne. Shekara biyu ke nan kayan na shan ta a rufe. Ummaru ya ce a goge da fetur. Zaharaddin ya goge ɗaya don ya huce masa rai, ya haɗa, ya kunna. Fanka ɗaya ta juya rabin zagaye ta tsaya. Ummaru ya kai ram ɗin dab da hancinsa yana ƙoƙarin ganin baƙin da ake faɗa, bai gani ba, sai da ya shafa da yatsa ya ji gurzin.

Labarin ya riga shi isa layin 'yan wake. Kafin azahar an ce Sai-damina ya yi wa kwamfuta feshi, kafin la'asar an ce ya shuka ta ne yana jiran ta tsiro. Wani ya aiko a tambaye shi nawa yake sayar da tiyar ram. Mutanen da ya yi shekara uku yana yi wa lacca sun samu ranarsu, kuma ba su yi masa ragi ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne waken da ke cikin duron lafiyarsa ƙalau, fari tas, ko huda ɗaya babu.

Kwana uku bai fita ba. A na huɗu ya koma shagon, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tambayi Zaharaddin ko har yanzu ana samun ta gwanjon nan, mai ƙaramin katin. Zaharaddin ya ce ana samu. Ya faɗi kuɗinta, Ummaru ya biya bai taya ba. Zaharaddin ya ce a duk abin da ya faru, wannan ne ya fi ba shi tausayi.

Ranar Juma'a da hantsi, Juma'ar da ta yi lattin shekara biyar, Zaharaddin ya kawo kwamfutar gida. Ya ɗora ta a tebur a falo, ya jona ta da batirin sola, ya sauko da sitiyarin daga kan kabad, wanda shi kaɗai ya tsira don ba a so shi irin son sito ba, ya ɗaure shi a bakin tebur. Ya nuna wa Ummaru inda ake tayarwa da inda giya take, ya zaɓa masa farar mota da lodin buhuna, ya bar ta tsaye a cikin wata tasha, hancinta na kallon ƙofar fita. Sannan ya yi sallama ya tafi, don ya ga dattijon na so a bar shi shi kaɗai.

Ummaru ya yi bisimilla ya zauna. Ya tayar. Injin ya yi nishi, ƙarar ta cika falon, hawaye suka cika masa ido, bai kuma ji kunyar su ba. Ya share da hannun riga, ya dubi allon. Ya sake sharewa. Hazon bai tafi ba. Yana ganin haske a sama, duhu a ƙasa, da wani abu fari-fari a gefe wanda zai iya zama bango, zai iya zama wata motar. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya taka totur. Motar ta yi gaba ta daki ginshiƙin ƙofar tashar. Ya yi baya, ya daki wani abu da bai san ko mene ne ba. Ya sake yin gaba, ginshiƙin nan dai.

Rekiya na tsaye a bakin ƙofar falon da tsinken ɗinki a hannu. Daga inda take tana ganin komai tar, har da rubutun da ke jikin ƙofar tashar. Ta fara gaya masa, dama kaɗan, Malam, a'a ya yi yawa, hagu, tsaya, tsaya. Ya bi maganarta sau biyu, a na uku ya haɗa motar da ginshiƙin har gilashin gaban motar ya tsage. Ya ce allon ne ba shi da kyau, Zaharaddin ya kawo masa mai hazo, dama ya san abin gwanjo ba ya ƙarko. Rekiya ta ce allon garau yake. Ya miƙe a fusace, kujerar ta yi baya.

"To zo ki gwada mana, tunda ke kina gani."

Faɗa ya yi, ba tayi ba, amma ta ɗauke shi a tayi. Ta soke tsinken a bakin zanenta, ta zauna, ta tuɓe silifas. Ta tambaye shi wanne ne totur wanne ne birki, ya faɗa mata a daƙile. Ƙafar da ta yi shekara ashirin da biyar tana lallaɓa feda a kan bakin leshi ba ta buƙaci a koya mata taka abu a hankali ba. Motar ta ja baya sumul, ta miƙe, ta fita ta tsakiyar ƙofar ba ta taɓa komai ba. Ummaru bai ga fitar ba, amma ya ji ta. Ya ji giya ta ɗaya ta ba ta biyu, ta biyu ta ba ta uku, injin ya saki jiki yadda yake yi in mota ta hau kwalta da cikakken lodi.

"Malam," in ji Rekiya, idonta na kan hanya, "motar Katsina ƙarfe bakwai take tashi. In shirya maka kaya, ko shi ma idon sai damina?"

Ummaru yana tsaye a bayan kujerar, inda ya saba tsayawa, gefen direba, daga waje. Hannunsa ya ɗaga da kansa ya bugi tebur sau biyu.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce.

Ya tsaya yana jiran kukan injin ya ɓace kamar kullum don ya samu ya motsa, amma wannan motar tasa ce, a falonsa take, ƙarar ba ta da inda za ta je.